Usta Lawali Da Katakon Gwamnati

Ga ta nan, mai kunne ya matso kusa.

A birnin Alƙahira, can unguwar Arba wa Nus inda baƙi ke cunkushe kamar ashana a kwali, an yi wani mutum mai suna Lawali, ɗan Talatar Mafara. Karatu ne ya kai shi Masar. Shekara tara yana can, karatun bai shiga ba, shi kuma bai fita ba. Sa'o'insa sun gama sun koma gida, wasu limamai wasu alƙalai, shi yana nan gindin teburin mai shayi yana gyara wa duniya zama. In dai da baki ne, babu abin da bai iya ba. Jirgi zai wuce a sama, ya ɗaga kai ya ce direban bai iya kwana ba.

Matarsa Husaina ce ke riƙe da gidan. Awara take soyawa da ɗanwake, ta hau mota har Abbasiya ta sayar wa ɗaliban Najeriya masu kewar abincin gida. Ta dawo ƙafa a kumbure, ta tarar da maigida ya gaji da zama.

Ran wata Lahadi ta ajiye masa abinci, ta zauna nesa da shi.

“Malam, Yaya Isma'il ya gama karatunsa. Alhamis ta sama zai tafi gida, kuma ya ce akwai wurina a jirgi.”

“Allah ya tsare hanya. Ki ce ya gaida mutanen Mafara.”

“Ni zan gaishe su da bakina.”

Lomar da Lawali ya ɗauko ta tsaya tsakanin kwano da baki.

“Ban ce ka kawo mota ba,” in ji Husaina, “ban ce ka kawo zinariya ba. Kuɗin da guminka ya jiƙa nake so in gani, ko da na sayen gishiri ne. In ranar tafiyar ta zo ban gani ba, khalas, shi ke nan.”

“Gumi? Ni da kullum rigata sharkaf?”

“Wannan gumin zama ne, Malam. Shi ba a biya.”

Washegari ya tafi teburin Hajja Bakhita, tsohuwa 'yar Sudan mai sayar da shayi a bakin layi, ya zauna da zuciya a cunkushe. Lokacin shekara biyu ke nan da tarzomar da ta kifar da gwamnati, bakin kowa a Masar ya buɗe, ko mai gyaran takalmi yana da sunan ɓarawon da yake so a kama. A nan ya tarar da maƙwabcinsu Baba Tijjani, Bahaushen Sudan, kafinta ne shekara talatin, hannuwansa kamar ɓawon kuka. Yana ba mutane labarin makarantar firamaren da gwamnati ke ginawa a ƙarshen unguwa.

“Takarda ce aka liƙa a ƙofa,” in ji shi, “kowa da farashinsa, babu cuta. Usta, wato gwanin kafinta, gine ɗari da ashirin a yini. Mataimakinsa tamanin. Lebura hamsin.”

Gine shi ne kuɗinsu na can. Lawali ya dire kofi.

“Ɗari da ashirin? Don buga ƙusa kawai?”

“Kawai, in ji wanda bai taɓa bugawa ba.”

“Ni? Baba, ashe ba ka san gidanmu ba. Kakana ne ya sassaƙa turmin da har yau ake daka da shi a Mafara, shekara saba'in ko tsagewa bai yi ba. A gidanmu ba a yaye yaro sai ya iya riƙon guduma.”

Hajja Bakhita ta ce, “Ya waladi, ɗana, kujerar da kake kai wata uku ƙafarta na rawa. Ko sannu ba ka taɓa ce mata ba.”

“Hajja, ai likitan zuciya ba ya cire ƙaya.”

Baba Tijjani ya dube shi sama da ƙasa. Ya san halin da Husaina ke ciki, don bangon gidajen unguwar ba ya riƙe sirri. Ya ce, “Zo in kai ka lebura. Ka ɗauki katako, ka ajiye katako, ka karɓi hamsin ɗinka da mutunci.”

“Lebura? Jikan mai turmi? Ko usta ko babu.”

“To Allah ya raba mu da abin kunya.”

“Amin, Baba. Ka tsaya kusa da ni, za ka ƙaru.”

Ran Talata da safe unguwa ta ga abin kallo. Lawali ya fito cikin farar jallabiya, fensir a kunnen dama, fensir a kunnen hagu, tef ɗin awo na tela rataye a wuya, sabuwar guduma a hannu ko takardar farashi ba a ɓare mata ba. Matan layi suka leƙo ta taga. Wata ta tambaya ko ɗinki zai je ko kaciya.

Shugaban ma'aikatan wurin wani ƙato ne mai gashin baki, Rayyis Fadl, muryarsa kamar injin kwaɓa siminti. Lawali ya tsaya gabansa ya kwararo gaisuwa da Larabcin littafi, mai wasali a ƙarshen kowace kalma. Leburori suka daina aiki. Biyu daga ciki suka ɗaga hannu suka ce amin.

Fadl ya juya wajen Baba Tijjani. “Kafinta ne ko liman?”

Lawali ya riga shi amsawa. “Usta, ɗan usta, jikan usta.”

“Tamam, ya yi. Amma ka sani, sabon zuwa ba a biyan shi sai injiniyar gwamnati ta zo ta ga aikinsa ta yanka masa matsayi. Talata mai zuwa za ta zo. Yalla, maza bakin aiki!”

Aikin kafintocin gini ba na kujera da gado ba ne. Dogayen akwatuna suke haɗawa da katako a tsaye, rodi a ciki, a zuba kankare ya daskare ya zama ginshiƙi. Aka ba Lawali ginshiƙai huɗu na ƙarshen fili, kusa da tankin ruwa.

Bugun farko ya samu babban yatsansa. Ya ce gudumar yake gwadawa. Bugu na biyu ya samu yatsan dai. Ya ce yanzu ya tabbata mai kyau ce. A bugu na uku ƙusa ta shiga, sai dai ta haɗa da gefen jallabiyarsa. Ya ja, ta ƙi. Ya waiga ya ga mutane na kallo. Maimakon ya ce a taimake shi, sai ya saɓi katakon a kafaɗa ya ci gaba da harkarsa. Da shi ya je shan ruwa. Da shi ya je shan shayin hantsi. Duk juyin da ya yi sai mutum uku sun sunkuya. Sau biyu ya kaɗe hular Fadl.

“Ya usta, ajiye katakon nan!”

“A ƙasarmu usta ba ya rabuwa da katakonsa ranar farko. Al'ada ce.”

Sai da azahar ta yi, ya ga ba dama ya yi ruku'u da katako mai kamu shida, sannan Baba Tijjani ya zo ya zare ƙusar ba tare da ya dubi fuskarsa ba. A ranar da washegarinta, tsohon ne ya haɗa akwatunan nan huɗu, Lawali na tsaye yana nuna masa inda ya karkace.

Ran Alhamis Lawali ya lura da abubuwa biyu da suka ɗaure masa kai. Na ɗaya, babu ƙusar da ake bugawa har ƙarshe, kowace an bar kanta a waje. Na biyu, ana shafe cikin katakon da baƙin man mota.

“Baba, wannan wane irin ƙazamin aiki ne? Ƙusa rabi a waje kamar haƙorin tsohuwa?”

“Don a ji daɗin zarewa ne.”

“Zarewa?”

“In kankare ya daskare, kwance katakon ake yi. Man kuma don kada ya manne. A kwashe a kai wani ginin.”

Lawali ya ja tsohon gefe, ya rage murya.

“Wato a kafa katako, a nuna wa gwamnati, gwamnati ta biya. In ta juya baya a kwance, a kai wani wuri, a sake nuna mata, ta sake biya?”

“Kai, ba haka ba ne! Ba ka ga yadda ake malmala tuwo ba? In ya kama jikinsa juye shi ake yi, a ɗauke ƙoƙon. Wa ka taɓa gani ya cinye tuwo da ƙoƙo?”

“Baba, tsakaninka da Allah, kai nawa suke ba ka?”

Baba Tijjani ya ɗaga hannu, ya tuna yana da alwala, ya sauke. “Allah ya shirye ka,” ya ce, ya yi gaba.

Wawa in ya ga hayaƙin girki, gobara yake kira. Lawali ya koma gida zuciyarsa na tsalle. Ya gano satar da duk Masarawa miliyan tamanin suka kasa ganowa. In injiniya ta zo ta ga mutum ɗaya ya tsare wa gwamnati katakonta, ai maganar ɗari da ashirin ma ba ta taso ba. Sabon layi za a ƙara a saman takardar nan, a rubuta ustan ustoci, a sa ɗari biyu. Wataƙila ma a kira shi a talabijin.

Juma'a ba a aiki. Da sassafe ya kwashi manyan littattafansa, waɗanda shekara tara ba su san hasken rana ba, ya kai wa mai sayen tsofaffin littattafai. Ya sayo buhun ƙusa da galan biyu na gam. Ya ce wa maigadin wurin Rayyis ne ya aiko shi. Maigadi ya ce tamam, ya koma barcinsa.

Ranar ce kaɗai a rayuwarsa Lawali ya yi aiki kamar jaki, kuma ita ce ranar da ya fi dacewa ya zauna. Ya ɓalle gefen kowane akwati, ya wanke baƙin man tas da sabulun wankin Husaina, ya shafe gam a madadinsa har yana ɗiga, ya mayar ya rufe. Sannan ya shiga ƙusa. Duk faɗin yatsa biyu ƙusa. Wadda ta shiga daidai ya nutsar da kanta cikin katako, wadda ta lanƙwashe ya ƙara mata biyu don ladabi. Ya je masallaci a guje ya dawo a guje.

Da ya zo ginshiƙi na huɗu sai basira ta motsa. Makaranta fa ake ginawa. Yara za su zo da jakunkuna. A ina za su ajiye? Ga wuri a tsaye mai kyau za a cika shi da dutse a banza! Ya sa zarto ya yanke rodin da ke ciki don sun tare wuri. Ya kafa kanta uku. Ta saman ya yi ta da kauri, kamu ɗaya daga bakin akwatin, ya soka guntayen rodi a kai suna leƙowa don kada ginshiƙin ya fita daban da 'yan'uwansa. Ya yanka ƙofa ta ɓangaren da ke kallon katanga, ya sa mata sakata, ya rataya tsohon buhun siminti ya rufe. Ya ja da baya ya duba, hawaye ya cika masa ido.

Ran Asabar aka zuba kankare. Leburori na hawa tsani da kwanoni a kafaɗa suna juyewa ta sama. Kowane ginshiƙi sai ya sha kwano arba'in. Na huɗun Lawali, kwano uku ya cika har ya tumbatsa. Mai zubawa ya leƙa, ya sosa ƙeya.

“Ya usta, wannan har ya ƙoshi.”

“Albarka ce. Na tofa masa addu'a.”

Mutumin ya dubi rana, ya dubi tsanin da ya rage masa hawa talatin da bakwai, ya ce masha Allah, ya sauko.

Daga ranar har Litinin babu ƙofar da Lawali bai ƙwanƙwasa ba a layinsu. Ya gayyaci Hajja Bakhita. Ya gayyaci surukinsa Isma'il. Ya gayyaci mai aski da mai burodi. Ya ce wa Husaina ta sa atamfarta ta salla.

“Me za a yi, Malam?”

“Ke dai ki zo. Ki taho da babbar jaka.”

“Ta tafiya dai na riga na haɗa.”

Ran Talata da hantsi mutanen layi kusan talatin suka jeru a jikin katangar gini. Injiniya Alaa ta iso, siririyar mace mai farar hular kwano, takarda a hannu, fuskar nan babu wasa ko kaɗan. Fadl na biye da ita yana murmushin da bai dace da gashin bakinsa ba. Ya ba da umarni a kwance katako.

Na Baba Tijjani da na sauran kafintoci suka riƙa saluɓewa kamar ɓawon ayaba, ginshiƙai suka fito sumul. Injiniya na shafawa tana rubutu. Aka zo kan na Lawali. Lebura ya soka ƙarfen ɓamɓara ya danna. Shiru. Ya hau kan ƙarfen da ƙafa biyu. Shiru. Wani ya zo suka rataya su biyu kamar jemagu. Ƙarfen ya lanƙwashe, ya kuɓuce, ɗaya ya faɗa tulin yashi, ɗaya ya faɗa kan na farkon. Fadl ya ture su, ya tofa yawu a tafi, ya kama da kansa. Ya yi nishi ɗaya, ya yi na biyu. A na uku wani abu ya yage da ƙara, amma ba katakon ba ne. Fadl ya koma da baya da baya ya jingina da bango, bai ƙara juya wa kowa baya ba ranar.

“Wa ya yi wannan?” in ji injiniya.

Ai kafin ta rufe baki Lawali ya haye kan wani durom.

“Ni ne, ranki ya daɗe! Lawali ɗan Mafara, jikan mai turmi! Ku shaida, jama'a! Mutanen nan katakon gwamnati suke sacewa. Su kafa a gabanki, ki tafi su kwance. Sun bar ƙusa rabi, sun shafa mai don satar ta yi santsi. Ni kuwa na rantse aikina ba mai kwance shi har tashin ƙiyama!”

Sai wani lebura ya fashe da dariya, ta kama na kusa da shi, ta bi layi har maigadi. Baba Tijjani ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula.

Injiniya ba ta yi dariya ba. “Katakon ba na gwamnati ba ne. Na ɗan kwangila ne. Gwamnati ginshiƙi ta saya, kuma ka hana ni ganin abin da ta saya.”

“Af! Ashe ke ma…”

Baba Tijjani ya yi tsalle irin wanda bai yi ba tun yana saurayi, ya toshe masa baki. Hajja Bakhita ta ɗaga murya daga katanga, “Ku bar shi ya ƙarasa, mun biya kuɗin mota!”

Mai hankali a nan zai sauko ya ba da haƙuri. Lawali ya fizge, ya diro, ya nufi ginshiƙi na huɗu.

“Ba ku ga komai ba tukuna. Ranki ya daɗe, zagayo nan.”

Ya yaye buhun, ya zare sakata, ya buɗe ƙofa. Jama'a suka turo kai. Ga kanta a jere. A ta tsakiya ga takalmansa na zuwa masallaci da kwanon ɗanwakensa na rana.

“Wurin jakunkunan yara,” in ji shi. “Wannan kyauta na yi, ban sa a lissafi ba.”

Injiniya ta sa kai ciki ta dubi ƙasa, ta dubi sama. Ta fito a hankali.

“Ina rodin?”

“Sun tare wuri, na sallame su.”

“Kankaren da ke sama fa, me ke riƙe da shi?”

“Ƙusata, da ikon Allah.”

Ta ja da baya taku biyar. Duk wanda ya ji Larabci ya ja da baya. Wanda bai ji ba ya ga ana ja, ya ja. Lawali ya ga an dare an bar shi, ya ɗauka raini ne.

“Tsoro kuke ji? Wannan ko giwa ta jingina ba zai motsa ba. Ku duba!”

Ya riƙe ƙofar da hannu ɗaya, ya ja baya, ya banka wa akwatin kafaɗa. Abin da kansa ke da nauyi cikinsa babu komai, ko mutum ne ba ya tsayuwa. Akwatin ya yi tangaɗi hagu. Ya yi dama, kamar mai shawara. Sannan ya tafi a hankali, da ladabi, ya kwanta a kan tankin ruwa. Tanki ya fashe. Ruwa ya kwashi yashi da siminti ya yi kan 'yan kallo. Takalman Hajja Bakhita suka yi gabas. Farar rigar Isma'il ta koma kalar toka. Mai aski ya hau bayan mai burodi. Kwanon ɗanwake ya bi ruwa yana juyi har bakin titi, karnuka biyu na rakiya.

Da ruwa ya lafa aka ga Lawali zaune cikin caɓi, fensir ɗaya ya tafi, ƙofar na hannunsa.

“Kun dai gani da idonku,” in ji shi, “sakatar ba ta ɓalle ba.”

Fadl, daga jikin bangonsa, ya yi ruri. “A kira 'yan sanda! A'a, kada a kira! Zai zare ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya, ya miƙar da su, ya kankare gam ɗin nan da farcensa, kuma ko sisi ba zai gani ba!”

“Zarewa zai zare,” in ji injiniya. “Amma a aikin gwamnati ba a aikin banza. Ko jaki ya yi jigila a nan, farashinsa na rubuce.” Ta duba takardarta. “Usta?”

Leburori suka yi ihu.

“Mataimaki?”

Baba Tijjani ya ce, “Ranki ya daɗe, ki ji tsoron Allah.”

Ta sa yatsa a layin ƙarshe. “Lebura. Hamsin a yini, daga yau. Kwanakin baya ba aiki ya yi ba, ɓarna ya yi, ita kuwa ba ta da layi a takardata.”

Duk wannan abin Husaina na tsaye, atamfar salla jiƙe har gwiwa. Isma'il ya matso kusa da ita yana matse riga.

“Kin gani ko? Taho mu tafi. Jibi war haka muna Kano.”

Lawali ya ji. Ya ajiye ƙofar, ya dubi matarsa, ya dubi ƙasa.

Husaina ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta tsaya gaban Baba Tijjani.

“Baba, ƙusoshin nan za su kai nawa?”

Tsohon ya dubi ginshiƙai ukun da ke tsaye, kowanne kamar bushiya. “'Yata, buhu guda ne cur. Ga gam.”

“Kwana nawa zai yi yana zarewa?”

“In gwani ne, sati biyu. Shi kuwa, a yi masa wata biyu.”

“Kullum? Tun safe har la'asar? A cikin rana?”

“Rayyis ba zai bar shi ya ɗaga kai ba.”

Husaina ta juya wajen yayanta. “Yaya, ka gaida su Inna. Ka ce ina nan tafe, amma ba yanzu ba.”

“Husaina! Bayan wannan abin kunyar?”

“Shekara tara ina jiran in ga mutumin nan ya yi aikin yini ɗaya. Yau an ce zai yi na wata biyu, kuma a ce ina Mafara wasu na ba ni labari? Wallahi ko a kyauta aka ba ni jirgin gaba ɗaya ba ni shiga.”

Ran Alhamis Isma'il ya tafi shi kaɗai. Husaina kuwa ta daina wahalar motar Abbasiya. Ta kafa kaskon awararta a ƙofar ginin, daidai inda take hango ginshiƙan nan uku. Leburorin Masar suka ɗanɗana awara da yaji, suka yi hawaye, suka dawo da abokansu. Duk sanda ƙarar zare ƙusa ta tsaya, ba ta ko ɗaga kai daga kasko, sai dai ta ce, “Malam?” ƙarar ta ci gaba. Da la'asar ya zo ya miƙa mata hamsin ɗinsa, ta karɓa da yatsa biyu don a jiƙe take, ta shanya a gefen tire.

Kada wani ya zaci bakin Lawali ya mutu. Da yamma yana teburin Hajja Bakhita, yatsu goma duk a naɗe da tsumma, yana riƙe kofi da tafin hannu biyu.

“Ku faɗa mini,” yake cewa, “duk faɗin Masar, da injiniyoyinta da ustocinta, wa aka samu da zai iya kwance aikina? Sai da gwamnati ta dawo ta ɗauke ni da kaina.”

Hajja Bakhita ta ce, “Gaskiya ne, ya waladi. Tashi daga kujerar nan, kada ka ce za ka gyara ta.”

Nan na ɗaure bakin labarin, kuma ban sa masa gam ba.